Saniya, alade da mutum cikin wuta: waɗanda suka ƙawata bangon faifan Pink Floyd

Duk mai bin layin 'yan gwanjo a Yamai ko Maraɗi zai iya cin karo da wata baƙar riga mai zanen gilashi mai kusurwa uku, farin haske ya shiga ta gefe ɗaya ya fito ta ɗayan da launukan bakan gizo. Matasa na saye don ta yi kyau da jins. Zanen kuwa bangon faifai ne: The Dark Side of the Moon na rukunin mawaƙan Ingila Pink Floyd, wanda ya fito a watan Maris na 1973, aka kuma sayar da fiye da kwafi miliyan 45.

A wancan zamani faifan garmaho na zuwa ne cikin kwali mai faɗin kusan santimita 31 ta kowane gefe. Mai saye yakan ga kwalin a kanti tun kafin ya ji waƙa ko ɗaya, saboda haka bangon shi ne tallan farko. Kamfanonin faifai sun fi son a manna hoton mawaƙa da sunansu da manyan baƙaƙe, a wuce wurin.

Wasu abokai biyu, Storm Thorgerson da Aubrey Powell, suka ƙi bin wannan hanya. Sun san 'yan Pink Floyd tun a garin Cambridge, kuma a 1968 suka kafa ɗakin zane mai suna Hipgnosis a Landan. A 1970 suka ba rukunin hoton saniya tsaye a makiyaya ta waiwayo tana kallon mai hoto, babu sunan mawaƙa, babu sunan faifai. Shugabannin kamfanin EMI ba su ji daɗi ba. Faifan, Atom Heart Mother, ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, daga nan bakin masu ƙorafi ya mutu.

Zanen gilashin ya samo asali ne daga Richard Wright, mai kaɗa fiyano a rukunin, wanda ya nemi abu mai sauƙi da tsafta maimakon hotunan da aka saba. George Hardie ne ya zana shi. Wanda ke da rigar ya ƙirga launukan: shida ne, alhali bakan gizo bakwai ake lissafa masa.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne babu kwamfutar gyaran hoto a lokacin. In ana son mutum yana ci da wuta, sai a cinna wa mutum wuta. Haka aka yi a 1975 don faifan Wish You Were Here: a harabar kamfanin fim na Warner a Kalifoniya, wasu maza biyu cikin kwat suna musabaha, ɗaya na ci da wuta. Ronnie Rondell, ƙwararre a wasan kasada na fim, shi aka cinna wa, sanye da kayan kariya a ƙarƙashin kwat ɗin. Iska ta juya ta ƙone masa gashin baki. Bayan duk wannan wahala, aka naɗe faifan cikin baƙar leda, mai saye ba zai ga hoton ba sai ya biya ya yage. A ganina wannan shi ne aikinsu mafi ƙarfi, domin waƙoƙin ciki suna magana ne kan rashin amana a kasuwar waƙa, hoton kuma ya faɗi hakan ba tare da kalma ɗaya ba.

A Disamban 1976 sai ga alade. An hura wani ƙaton balan-balan mai siffar alade aka ɗaure shi tsakanin bututun hayaƙin tashar lantarki ta Battersea don bangon faifan Animals. Igiya ta tsinke, aladen ya yi sama, ya hargitsa zirga-zirgar jirage a filin Heathrow, ya je ya sauka a wata gona a yankin Kent. A ƙarshe dai manna hotonsa aka yi a kan hoton tashar.

Masu zanen ba su cika samun rabo daidai da mawaƙa ba. Peter Blake, wanda shi da Jann Haworth suka tsara bangon Sgt. Pepper na Beatles a 1967, ya sha faɗin cewa fam 200 aka biya, kuma babu wani kaso daga miliyoyin kwafin da aka sayar.

Hipgnosis ya watse a 1983, daidai lokacin da faifan CD mai santimita 12 ya fara shiga kasuwa, bidiyon waƙa kuma ya ƙwace aikin talla. Thorgerson ya rasu a 2013. Yau bangon ya koma ɗan hoto a fuskar waya, bai fi kan sarki girma ba.

A Nijar ma waƙa ta daɗe tana yawo babu bango sam. Waƙoƙin farko na Mdou Moctar, makaɗin gita ɗan yankin Tahoua, ta katin waya da Bluetooth suka zagaye Sahel, sau da yawa ko sunansa babu. Sai da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sa ɗaya daga cikinsu a faifan Music from Saharan Cellphones a 2011 ta samu kwali. Faifansa Afrique Victime na 2021 ya fito a garmaho da cikakken bango daga kamfanin Matador.