Dawanau: Inda Jar Hula Da Tsintsiya Ke Awo Da Tiya Ɗaya

Idan mutum ya bar cikin birnin Kano ya kama hanyar Katsina, ya wuce Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa, tun kafin ya hango rumfuna zai fara cin karo da tireloli jere a gefen titi, wasu ana sauke musu kaya, wasu suna jiran lodi. Ƙurar da ke tashi a nan ba ta ƙasa kaɗai ba ce, akwai ƙaiƙayin gero da dusar masara a cikinta. Wannan ita ce kasuwar Dawanau, a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa. An kafa ta a tsakiyar shekarun 1980, kuma yau ana lissafa ta a matsayin kasuwar hatsi mafi girma a Afirka ta Yamma.

Kowane kaya da ɓangarensa. Ga layin masara da dawa da gero, ga na wake da gyaɗa da waken suya, ga masu garin kwaki da alabo, can kuma ga manyan sito-sito na riɗi da zoɓo da citta, kayan da ake fita da su waje. Citta daga Kudancin Kaduna take zuwa, zoɓo galibi daga Jigawa, masara daga kasuwannin Kaduna da Katsina irin su Saminaka da Dandume, wake kuwa har daga Nijar. Daga nan kaya su nufi Legas da Onica da Fatakwal, ko Maraɗi da Damagaram, ko Chadi da Kamaru. Riɗin da mata ke zaune suna tsincewa a bakin sito yakan ƙare a Japan ko Turkiyya ko Sin, zoɓon kuma a Meziko.

Kasuwar nan tana cikin jihar da ba a yi wa siyasa riƙon sakainar kashi. Tun zamanin NEPU da NPC ake raba aure da zumunci a Kano saboda jam'iyya. A Jamhuriya ta Biyu PRP ta dare gida biyu, 'yan Santsi na bayan Abubakar Rimi, 'yan Taɓo na bayan Malam Aminu Kano. A zamaninmu kuma ga Kwankwasiyya da Gandujiyya, ga zaɓen gwamna na Maris 2023 wanda sai da ya kai Kotun Ƙoli kafin a rufe maganarsa a Janairun 2024, ga rikicin masarauta da ya biyo baya. Da daddare sojojin baka su hau rediyo, da safe a kawo maganar rumfa. Kada wani ya ce maka 'yan Dawanau ba ruwansu da wannan. Suna ciki tsundum. Za ka ga mai jar hula da wanda ya liƙa hoton tsintsiya a ƙofar sitonsa suna musu har jijiyar wuya ta fito.

Amma tsaya ka ga abin da zai faru da mota ta tsaya. Dillali ya zo da baƙo, ya soka ɗan ƙarfensa mai rami a cikin buhu, wake ya zubo masa a tafin hannu. Baƙon ya tauna ƙwaya ɗaya don ya ji bushewarta, ya murza sauran yana neman hudar ƙwaro. Ya taya, mai kaya ya ce albarka. A ja, a ja, har a ji "Allah ya ba mu alheri, na sallama." Sai ta bayyana baƙon buhu ɗari biyu yake so, mai kaya kuwa ɗari da ashirin gare shi. Ba ya waiwayar kowa sai wannan maƙwabcin da suke musu ɗazu.

"Alhaji, cika min tamanin daga na wajenka, idan kuɗi sun shigo Alhamis mu yi lissafi."

"Ɗauka mana, Malam. Yaro, buɗe musu sito."

Babu takarda, babu sa hannu, wani lokaci ko shaida babu sai dillalin da ke jiran la'adarsa. Kuɗin da ke cikin wannan magana ta numfashi biyu sun kai miliyoyin naira. A nan ne nake ganin asirin kasuwar yake. Jarin mutum ɗaya ba ya cika tirela kullum, don haka kowa yana buƙatar wanda zai ba shi kaya bashi, kuma tambayar da ake yi kafin a bayar ita ce ko mutumin yana cika alkawari. Wanda ya taɓa cin amana, ko katin jam'iyyarku ɗaya, ba za ka buɗe masa sito ba. Wanda ya shekara ashirin yana biya a ranar da ya faɗa, ko wa ya zaɓa, kayanka nasa ne. Haka abin yake tsakanin Bahaushe da Inyamurin da ke turo kuɗi daga Onica bai ga kayan ba, haka yake tsakanin Bakano da Bamaraɗe.

Shekarun nan sun gwada wannan amana gwaji mai tsanani. A farkon 2023, bayan an sauya fasalin takardun naira, kuɗi suka ɓace daga hannun mutane, manomin ƙauye bai san tiransifa ba, ɗan dako kuma ba ya cin abinci da alat. Lokacin ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe, kowane ɓangare yana ɗora wa wani laifi, amma a cikin kasuwa wanda ya samu tsabar kuɗi shi ke rufa wa na kusa da shi asiri, a sallami 'yan dako da masu ɗinkin buhu, a rubuta sauran a littafi. Ba a gama farfaɗowa ba aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu, kuɗin mota ya ninka. A ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da shugaban Nijar Bazoum a Yamai, ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyakar Nijar har zuwa Maris 2024, alhali ba a manta da rufewar 2019 zuwa 2020 ba. Motoci suka yi cirko-cirko a Jibiya. Mutum yana bin wani bashi a Maraɗi, wani yana bin sa a Kano, gwamnatocin ƙasashen biyu ba sa ga-maciji, su kuwa 'yan kasuwa suna waya suna yi wa juna uzuri. Wannan haƙurin shi ya sa da aka buɗe hanya ciniki ya ɗora daga inda ya tsaya.

A Fabrairun 2024, lokacin da farashin abinci ya kai inda magidanta ke kuka da hawaye, hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta rufe wasu sito-sito a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye kaya. 'Yan kasuwar suka amsa da murya ɗaya ta bakin ƙungiyarsu, suka ce ajiya ba ɓoyo ba ce, hatsin da aka saya da kaka dole ya kwana a wani wuri kafin bazara. Akwai gaskiya a maganarsu, domin karyewar naira da tsadar mai da rashin tsaron da ya hana noma a Zamfara da Katsina ba a sito aka ƙulla su ba. Duk da haka ina ganin haɗin kan da ke iya kare ɗan kasuwa daga hukuma ya wajaba ya iya kare mai sayen tiya ɗaya daga ɗan kasuwa. Su suka san wanda ke tara kaya yana jiran yunwa ta yi masa farashi, sun fi kowace hukuma saninsa.

Inda aka fi buƙatar wannan haɗin kai shi ne maganar maganin ƙwari. Wake ba ya jure ajiya, ƙwaro na shigarsa cikin 'yan makonni, shi ya sa wasu ke zuba masa fiya-fiya da makamantansa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan irin wannan guba da aka samu a cikinsa. Ba ta ware waken ɗan wannan jam'iyya daga na waccan ba, sunan ƙasa gaba ɗaya ta rubuta. Waken da Turai ta ƙi kuwa shi ake yi mana ƙosai da alale da shi. Mafita tana nan, akwai buhu mai ninki uku da ba ya shan iska, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, ƙwaro na mutuwa a cikinsa ba tare da an zuba komai ba. Ya fi buhun gama-gari tsada, kuma wanda ya saye shi shi kaɗai zai ga maƙwabcinsa ya karya masa farashi. Sai layi guda ya yarda, ƙungiya ta sa doka, ta kuma hukunta wanda ya karya ko da ɗan gidan shugaba ne. Haka maganar algus take, da zuba yashi a riɗi, da jiƙa citta don ta yi nauyi.

Ƙungiyoyin kasuwar suna da ƙarfin yin haka, domin su ke sasanta rigimar bashi kafin ta kai ga 'yan sanda, su ke tara kuɗin masu gadi, su ke haɗa gudummawa idan gobara ta cinye wa wani rumfa. Abin da nake tsoro shi ne ranar da zaɓen shugabannin kasuwa zai koma reshen zaɓen jam'iyya, a riƙa raba rumfa da muƙami bisa launin hula. Duk gwamnatin da ta zo tana son 'yan kasuwa su zo gaisuwa, kuma akwai masu son a gan su a can. Idan shugaban layi ya zama na ɓangare ɗaya, ɗaya ɓangaren ba zai kawo masa ƙara ba, ba zai biya kuɗin gadi da daɗin rai ba, ba kuma zai bi dokarsa a kan fiya-fiya ba. Ga hanyoyin cikin kasuwa da ke zama taɓo da damina har tirela ta kafe, ga magudanan ruwa, ga buƙatar wurin gwada ingancin riɗi da zoɓo kafin su kama hanyar Legas. Waɗannan ayyuka sun fi ƙarfin wa'adin gwamna ɗaya, kuma wanda zai bi su ofis-ofis har a yi dole ya zama mutumin da kowace gwamnati za ta buɗe wa ƙofa, wanda kuma duk layin suka yarda da awonsa.