Zaɓen Littafin Jagora a kan Ƙa'idojin Haɗa Wayoyin Lantarki

1.0 Gabatarwa

Kowace sana'a da ke da haɗari tana da ƙa'idojin da ake bi domin tsare rayuka da dukiyoyi. Haɗa wayoyin lantarki a gine-gine na cikin irin waɗannan sana'o'i, domin kuskure ɗaya kan haddasa gobara ko asarar rai. Wannan darasi zai yi bayani a kan yadda ake zaɓen littafin da za a riƙa dubawa a wannan fanni.

2.0 Kundi da Littafin Jagora

Abu na farko shi ne a bambanta kundin ƙa'idoji da littafin jagora. Dangantakarsu tamkar ta matani da sharhi ce a karatun zaure. Kundi shi ne matani, wato ainihin ƙa'idojin da hukuma ta amince da su. Shi kuwa littafin jagora sharhi ne mai fayyace su da zane-zane da misalai.

A Amurka, kundin da ake bi shi ne NEC, wanda ya fara fitowa a 1897. Ƙungiyar kare gobara ta ƙasar, wato NFPA, ita ke buga shi, tana kuma sabunta shi duk bayan shekara 3. Ƙungiyar tana buga littafin jagora mai ɗauke da matanin tare da sharhinsa, amma matanin kaɗai ne ke zama hujja. A Ingila kuwa, kundin shi ne BS 7671, wanda asalinsa ya faro a 1882, bugunsa na 18 ya fito a 2018.

3.0 Ma'aunan Zaɓe

3.1 Ƙasar da za a yi aikin

Wannan shi ne babban ma'auni, domin tsarin lantarki ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Soket na gidajen Amurka kan ba da bolt 120, na Ingila da Nijeriya kuwa kimanin bolt 230. Launin wayoyi ma ya sha bamban. A Amurka baƙar waya ita ce mai ɗauke da wuta, fara kuma ita ce ta komawar wuta. A tsohon tsarin Ingila kuwa, ja ce mai wuta, baƙa ce ta komawa. Ke nan wanda ya karanta littafin wannan tsari ya yi aiki a wancan, yana iya kama waya mai wuta da zaton ba ta da haɗari.

Nijeriya ta gaji tsarin Ingila, sannan a 2015 hukumar NERC ta fitar da ƙa'idojinta da ake kira NESIS. Jamhuriyar Nijar kuwa ta gaji na Faransa, inda ake bin kundin NF C 15-100. Don haka, littafin da ya dace a Katsina ba lalle ne ya dace a Maraɗi ba.

3.2 Shekarar bugu

Ƙa'idoji kan canja. A 2004 Ingila ta sauya launin wayoyin gine-gine, ruwan ƙasa ya maye gurbin ja, shuɗi ya maye gurbin baƙi. Littafin da aka buga kafin nan ba zai ambaci wannan ba. Sai dai kuma sabon bugu ba kullum ne yake zama doka nan take ba. A Amurka, jihohi da birane ne ke yanke bugun NEC da za su yi aiki da shi, wasu kan daɗe a kan tsoho. Abin nema shi ne bugun da hukumar wurin ta amince da shi.

3.3 Bukatar mai karatu

Ɗalibi na bukatar littafi mai yalwar sharhi da zai nuna masa dalilin kowace ƙa'ida. Ma'aikacin da ke bakin aiki ya fi bukatar ƙarami mai jadawalin kaurin waya da ƙarfin fiyus. Injiniya mai duba aiki kuwa ba shi da makawa sai ya riƙe kundin kansa.

4.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa girman littafi ko shahararsa ba su ne abin lura ba. Kafin malami ya zaɓa wa ɗalibansa ko ɗakin karatun makaranta irin wannan littafi, ya kamata ya duba kundin da aka yi wa sharhi, da bugunsa, da kuma wanda aka rubuta dominsa. Idan sharhi ya saɓa wa matani, to, matani ake bi.