Gidan Kotso: Yadda Ake Renon Murya a Ƙasar Maradun

Idan aka bar Talata Mafara aka nufi Bakura ko Maradun, gonaki ne dama da hagu, ga ruwan madatsar Bakolori yana shayar da shinkafa. Baƙo zai ɗauka noma kaɗai aka sani a nan. Amma wannan ƙasa ce ta haifi Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, kuma su biyun a gidan kiɗa suka buɗe ido.

A irin wannan gida, yaro ba ya fara da waƙa. Kaya zai ɗauka, ya bi manya gona ranar gayya, ya ji yadda ake zuga manoma har rana ta take. Sai a ba shi kotso ya koyi matsa shi. Daga nan ya shiga sahun 'yan amshi, kuma a nan ake daɗewa. Ɗan amshi dole ya haddace waƙa tun daga gindinta, ya san inda jagora zai numfasa, ya cafe kafin magana ta faɗi ƙasa. Wanda ya yi sakaci, a gaban jama'a za a harare shi.

Haka Ɗanƙwairo ya taso. A Ɗankadu ta ƙasar Bakura aka haife shi, mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗin Sarkin Maradun ne. Bayan rasuwar uban, yayansa Kurna ya karɓi jagoranci, shi kuwa ya ci gaba da amshi shekara da shekaru. Muryarsa siririya ce mai zaƙi, tana hawa sama ba ta karyewa. A zamanin da babu lasifika, wannan ba ƙaramin jari ba ne: ƙofar fada cike da dawaki da algaita, amma dole sarki ya ji kowace kalma daga inda yake zaune.  

Daga fadar Maradun Ɗanƙwairo ya kai gaban Sardauna Ahmadu Bello. Bayan kisan Sardauna a 1966 ya zaga fadoji, ya yi wa 'Yandoton Tsafe, da Sarkin Daura Muhammadu Bashar, da Sarkin Kano Ado Bayero waƙa. Ya rasu a 1991. A ganina, masu yabon muryarsa suna yawan mantawa da mutanen da ke bayansa. Saurari kowane faifansa: rabin daɗin a bakin 'yan amshi yake, yadda suke karɓeɓeniya kamar masu dakan gero a turmi ɗaya.

Sa'idu Faru kuwa, Malamin Waƙa, ya fi karkata ga azanci da sarrafa harshe, kuma babban ubangidansa shi ne Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, wanda ya riƙe Talata Mafara tun kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996.

Ladan aikin a da doki ne da riga da rawani da damman hatsi, jagora ya raba wa yaransa gwargwadon matsayi. Yau rashin tsaro ya takura tafiye-tafiye a yankin, gayya ta ja baya, matasa da yawa sun koma situdiyo inda na'ura ke gyara murya. 'Ya'yan Ɗanƙwairo da jikokinsa suna riƙe da kotson, ana gayyatarsu naɗin sarauta da bikin aure har Kano da Abuja.