Nana Asma'u: Mawaƙiya Kuma Mai Fassara

Ɗalibi, ko ka san cewa ɗaya daga cikin manyan marubuta waƙoƙin Hausa ba da Hausa ta fara magana ba? Ita ce Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, malamin Yakubu wanda ya kafa birnin Bauchi. An haife ta a Degel a shekarar 1793, ta rasu a 1864, aka binne ta a Sakkwato. Da Fulatanci ta tashi, sannan ta ƙware a Larabci da Hausa.

A zamaninta malamai sun fi yin rubutu da Larabci ko Fulatanci, alhali yawancin jama'a Hausa suke ji. Ilimi yana cikin littafi, amma bai kai ga matar ƙauye ba. Don haka ta juya waƙar mahaifinta mai suna Tabbat Haƙiƙa daga Fulatanci zuwa Hausa. Waƙar tana gargaɗin masu mulki game da zalunci, ga shi yanzu talaka ma yana jin abin da ta ƙunsa.

Ka lura, fassarar waƙa aiki ne mai wuya. Dole a kiyaye ma'ana, a kuma kiyaye kari da amsa-amo, domin su ne ke sauƙaƙa hadda. Mata malamai da ake kira jaji su ne suke haddace waƙoƙinta, su kai wa 'yan'uwansu mata a ƙauyuka. Wannan ƙungiya ita ce 'Yan Taru.

Kai ma da kake koyon Hausa, wata rana wani zai dogara da bakinka kafin ya fahimci maganar wani.