Falsafar Muhalli a Matakin Babban Digiri: Matsayin Kalmomin Gida a Ƙasar Doma

1.0 Gabatarwa

Falsafar muhalli fanni ne da ke nazarin haƙƙin da ƙasa da ruwa da itatuwa da dabbobi suke da shi a kan ɗan'adam. Leopold (1949) ya aza harsashinta a Amurka, Naess (1973) ya faɗaɗa ta, sannan Hargrove ya kafa mata mujalla a shekarar 1979. Wannan maƙala tana nuni da cewa ɗalibin babban digiri a Nijeriya ba zai yi wa fannin adalci ba sai ya faro daga kalmomin al'ummar da yake nazari.

2.0 Ƙasar Doma

Doma ƙasar Alago ce a Jihar Nasarawa, kusa da Lafiya, ƙarƙashin sarautar Andoma. Manoma da makiyaya da masunta duk sun dogara ga ƙasa ɗaya da ruwa ɗaya, Hausa kuwa ita ce harshen cuɗanyarsu. Bayan da Jihar Binuwai ta kafa dokar hana kiwon sake a 2017, makiyaya da dama sun tsallako Nasarawa, gardama kan gona da mashaya ta ƙara tsami.

3.0 Kalmomi Uku

Hurumi fili ne da aka keɓe domin amfanin jama'a, ba a mayar da shi mallakar mutum guda. Burtali hanyar shanu ce tsakanin gonaki, wadda ke wajabta wa manomi barin fili, ta kuma wajabta wa makiyayi tsare dabbobinsa. Mashaya kuwa wurin shan ruwa ne da ba a tare wa kowa. Ke nan kowace kalma tana ƙunshe da haƙƙi da wajibi a lokaci guda. Dokar gandun kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 ta tarar da waɗannan ma'anoni ne a bakin jama'a.

4.0 Kammalawa

Da yake an kafa Jami'ar Tarayya ta Lafiya a 2011, fagen bincike ya zo kusa da mai bincike. Abin da ya rage shi ne masana harshe su tattaro takwarorin waɗannan kalmomi a Alago da Tibi da Fulatanci, su kwatanta ma'anoninsu. Idan kalma ta ɓace daga bakin matasa, haƙƙin da take karewa yakan bi ta, a bar masu sulhu ba su da abin kafa hujja.