FASHIN BAƘI: Yadda maki ɗaya ke raba makomar yara 'yan shekara goma a Ingila

A tsakiyar watan Oktoban kowace shekara, dubban iyaye a wasu yankunan Ingila kan buɗe wasiƙa ko saƙon imel mai ɗauke da wata lamba. Lambar ita ce sakamakon jarrabawar 11+, wadda 'ya'yansu suka rubuta a watan Satumba, farkon shekararsu ta ƙarshe a firamare, lokacin da mafi yawansu ba su wuce shekara goma da haihuwa ba. A gundumar Buckinghamshire, yaron da ya samu maki 121 ya cancanci neman gurbi a makarantun grammar, wato makarantun sakandaren gwamnati da ke tace ɗalibai ta hanyar jarrabawa. Wanda ya samu 120 kuwa an rufe masa ƙofa, sai dai iyayensa su nemi a sake duba lamarinsa.

Iyaye da dama, ciki har da 'yan Najeriya da sauran 'yan Afirka da suka koma Ingila da iyalansu, kan ɗauki wannan lamba a matsayin ma'aunin basirar yaro. Sai dai yadda ake lissafa ta, da yadda makarantu ke amfani da ita, sun nuna cewa abin da take faɗa shi ne inda yaro ya tsaya a cikin layi. Inda za a datse layin kuma ya danganta ga yawan kujerun da ake da su, da unguwar da iyali ke zaune, da shawarar 'yan siyasa.

Asalin tsarin

Dokar Ilimi ta 1944, wadda minista Rab Butler ya jagoranta, ita ce ta mayar da karatun sakandare kyauta ga kowane yaro a Ingila da Wales. Bayanta ne hukumomin ilimi suka riƙa raba yara gida uku bisa sakamakon jarrabawa: makarantun grammar ga waɗanda ake sa ran za su yi zurfin karatu, makarantun fasaha, waɗanda kaɗan aka gina, sai makarantun sakandare na zamani ga mafi rinjayen yara. A tsakiyar shekarun 1960, makarantun grammar sun kai kusan 1,300, suna ɗaukar kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaliban sakandaren gwamnati.

A 1965, sakataren ilimi na gwamnatin Labour, Anthony Crosland, ya buƙaci ƙananan hukumomi su koma tsarin makarantun gama-gari, masu karɓar kowane yaro ba tare da jarrabawa ba. Sauyin ya ci gaba har a zamanin da Margaret Thatcher ta riƙe ma'aikatar ilimi, daga 1970 zuwa 1974, duk da cewa ita kanta a irin wannan makaranta ta yi karatu a garin Grantham. A 1998 gwamnatin Tony Blair ta yi dokar da ta haramta buɗe sabuwar makarantar grammar, amma ta bar waɗanda ke akwai.

Yanzu guda 163 suka rage a Ingila, suna koyar da kimanin kashi 5 cikin 100 na ɗaliban sakandaren gwamnati. Kuma a wasu yankuna suka taru: Kent na da 32, Buckinghamshire na da 13, akwai su a Lincolnshire da Trafford da Birmingham da wasu unguwannin Landan irin su Sutton da Bexley. A Scotland da Wales, makarantun gwamnati ba sa tace ɗalibai ta wannan hanya.

Yadda ake lissafa makin

Babu jarrabawar 11+ guda ɗaya ta ƙasa baki ɗaya. Kowace gunduma, ko gamayyar makarantu, na da tata, kuma kamfanin GL Assessment ne ke shirya mafi yawansu. Yawanci akan gwada Turanci, da lissafi, da kaifin tunani ta hanyar kalmomi da siffofi.

Lambar da ke zuwa wa iyaye ba adadin tambayoyin da yaro ya amsa daidai ba ce, kuma ba kaso cikin ɗari ba ce. Akan ɗauki amsoshin dukkan yaran da suka zauna jarrabawar, a sanya matsakaicinsu a kan 100, sannan a auna nisan kowane yaro sama ko ƙasa da wannan tsakiya. Saboda haka, ko da duk yaran gunduma sun ƙara ƙoƙari a bana, tsakiyar za ta matsa tare da su, kason masu wucewa kuma ba zai sauya sosai ba.

Akan kuma yi gyara saboda shekaru. Aji ɗaya a Ingila kan haɗa yaran da aka haifa daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Agustan shekara mai biye, don haka wani zai iya girmar ɗan ajinsu da kusan shekara guda. Idan yara biyu suka amsa tambayoyi daidai wa daida, wanda aka haifa a Agusta kan samu maki da ya ɗan fi na wanda aka haifa a Satumba, domin da sa'o'insa ake gwama kowa.

A Kent, yaro kan samu maki uku, na Turanci, na lissafi da na tunani, kowanne tsakanin 69 da 141. Mafi girman jimilla ke nan 423. A 'yan shekarun nan an tsayar da 332 a matsayin makin cancanta, da sharaɗin kada yaro ya faɗi ƙasa da wani mataki a ko da takarda ɗaya.

Cin jarrabawa daban, samun gurbi daban

Kai wa makin cancanta ba ya nufin an samu makaranta, kuma a nan ne iyaye da yawa kan gane cewa ba a nan gizo ke saƙar ba. Makarantun sun kasu kashi biyu. Kashi na farko suna kallon makin a matsayin ƙofa: duk wanda ya tsallake ta daidai yake da saura, sai a raba kujeru bisa wasu sharuɗɗa, kamar yaran da ke hannun kulawar hukuma, da masu yayye a makarantar, da kusancin gida. A irin wannan makaranta, mai 332 da ke zaune a bayan katangarta zai iya shiga gaban mai 400 da ke nesa.

Kashi na biyu kuwa jera yara suke yi daga mafi girman maki zuwa ƙasa, su ɗiba har kujeru su ƙare. Makarantar Queen Elizabeth ta maza da ke Barnet a arewacin Landan, wadda aka kafa a 1573, ba ta ware wani yanki da take fifitawa ba, kuma dubban yara ne ke neman gurbinta da bai kai 200 ba a shekara. Makarantar Henrietta Barnett ta 'yan mata na yin zagaye biyu, inda waɗanda suka fi maki a zagayen farko kaɗai ake kira na biyu. A irin waɗannan makarantu, babu wanda ya san makin shiga tun da farko. Makin yaro na ƙarshe da aka bai wa kujera shi ne ke zama makin shiga na wannan shekarar, kuma na bara ba ya ba da tabbacin na bana.

Wata shari'a ta fito da wannan a fili. A 1989, kotun ƙoli ta lokacin, wadda ke zama a Majalisar Dattawan Birtaniya, ta yanke hukuncin cewa majalisar birnin Birmingham ta nuna wa 'yan mata wariya, domin akwai kujeru kimanin 540 ga maza amma 360 ga mata. Sakamakon haka, sai yarinya ta samu maki fiye da na namiji kafin ta shiga. Ƙarancin kujeru ne ya ɗaga mata shingen.

Bayan sakamako ya fito, iyaye na da zuwa 31 ga Oktoba su jera makarantun da suke so a takarda ɗaya ta ƙaramar hukumarsu, har guda shida a Landan. A ranar 1 ga Maris, ko ranar aiki ta farko bayanta, ake sanar da kowane yaro makaranta guda. Wanda bai gamsu ba zai iya shiga jerin masu jira ko ya ɗaukaka ƙara gaban kwamiti mai zaman kansa.

Su wa ke tsallakewa?

Magoya bayan tsarin na cewa shi ne tsanin da ɗan talaka mai hazaƙa ke hawa ya samu ilimin da masu kuɗi ke saye. Alƙaluma sun nuna cewa 'ya'yan talakawa kaɗan ne ke kai wa ga tsanin. Wani rahoton gidauniyar Sutton Trust na 2013 ya gano cewa ƙasa da kashi 3 cikin 100 na masu shiga makarantun grammar ne suka cancanci abincin makaranta kyauta, wanda shi ne ma'aunin talauci da aka fi amfani da shi, alhali a sauran makarantun yankunan adadin ya kai kusan kashi 18. Kusan kashi 13 na masu shiga kuwa daga wajen makarantun gwamnati suka fito, galibi daga firamare masu tsadar kuɗi.

Babban dalili shi ne darasin gida na kuɗi. Iyaye masu hali kan ɗauki malami ya horar da yaro shekara ɗaya ko biyu kafin jarrabawa, alhali a Kent an hana makarantun firamare horar da yara musamman dominta. Tunda makin gwama yara ne da juna, duk matakin da horo ya ɗaga wani, ya tura wani baya. Buckinghamshire ta karɓi jarrabawar cibiyar CEM ta Jami'ar Durham a 2013 da fatan cewa horo ba zai yi tasiri a kanta ba, amma bayan shekara biyar ta koma wa GL Assessment. Makarantun gidauniyar King Edward VI a Birmingham sun bi wata hanyar: daga 2020 suka ware wa kowace makaranta yankinta, suka kuma keɓe har kashi ɗaya cikin huɗu na kujeru ga yaran gidaje marasa ƙarfi da suka kai makin cancanta.

Jadawalin makarantu

Makarantun grammar ne kan mamaye saman jadawalin sakamakon GCSE, jarrabawar da ake yi a shekara 16, kuma wannan ne ke ƙara musu farin jini. Amma makarantar da ta zaɓi yara mafi ƙoƙari tun a bakin ƙofa ba abin mamaki ba ne ta fitar da sakamako mai kyau. A 2018, Stephen Gorard da Nadia Siddiqui na Jami'ar Durham sun nazarci bayanan ɗalibai fiye da rabin miliyan, suka ce idan aka yi la'akari da ƙoƙarin yaran na baya da halin gidajensu, makarantun grammar ba su fi sauran ba. Cibiyar Education Policy Institute kuwa a 2016 ta ga ɗan amfani ga waɗanda suka shiga, da kuma asara ga waɗanda aka bari a baya a yankunan da tacewar ta fi yawa.

Me ya sa 'yan siyasa suka kasa taɓa shi?

Dokar 1998 ta bai wa iyaye damar kaɗa ƙuri'a su soke tace ɗalibai a yankinsu. Sau ɗaya aka taɓa yi, a garin Ripon a 2000, kuma kusan biyu cikin uku suka zaɓi a bar makarantar yadda take. A 2016 Firaminista Theresa May ta sanar da niyyar ɗage haramcin buɗe sababbi, amma ta yi watsi da shirin bayan jam'iyyar Conservative ta rasa rinjaye a zaɓen 2017. Abin da ya saura shi ne faɗaɗa waɗanda ke akwai, kamar reshen da makarantar Weald of Kent ta buɗe a Sevenoaks a 2017, mil da dama daga ainihin harabarta a Tonbridge. Keir Starmer, wanda ya kai Labour mulki a 2024, shi ma ta jarrabawar 11+ ya shiga makarantar Reigate Grammar. Kujerun majalisa da dama na yankunan da iyaye masu kaɗa ƙuri'a ke ƙaunar makarantun, don haka babu jam'iyyar da ke gaggawar rufe su.

Ireland ta Arewa ta gwada soke jarrabawar kanta. Gwamnatin yankin ta gudanar da 11+ ta ƙarshe a 2008, ƙarƙashin ministar ilimi Caitríona Ruane ta jam'iyyar Sinn Féin, amma makarantun grammar suna nan da kujerunsu ƙididdigaggu. An gudu ba a tsira ba: makarantun suka kafa jarrabawa biyu masu zaman kansu, wasu yaran suka riƙa zama duka biyun, har zuwa 2023 da aka haɗe su zuwa guda ɗaya mai suna SEAG, wadda yara ke ci gaba da rubutawa kowane watan Nuwamba.