Kuɗin Dannawa a Tallar Intanet: Yadda Ake Yanke Shi da Yadda Ake Gane Ribarsa

Kuɗin dannawa shi ne abin da mai talla ke biya duk lokacin da wani ya danna tallarsa a intanet. A wannan tsari ganin talla kawai ba ya jawo biyan ko kwabo, sai mutum ya sa yatsa ya taɓa ta, ta kai shi shafin mai kaya ko ta buɗe masa hira a WhatsApp. Lissafinsa ba shi da wuya: ana raba jimillar kuɗin da aka kashe da yawan dannawar da aka samu. Wanda ya kashe naira 20,000 ya samu dannawa 400, kowace dannawa ta faɗo masa a kan naira 50. A shafukan lissafin Google da Facebook ana nuna wannan adadi da haruffan CPC.

Tallar intanet ba da wannan tsari ta fara ba. Lokacin da aka liƙa ɗaya daga cikin tallace-tallacen farko a shafin HotWired a shekarar 1994, an bi hanyar jarida da rediyo ce, wato a sayi fili ko a biya bisa yawan waɗanda suka gani. A shekarar 1998 kamfanin GoTo.com na Bill Gross a Amurka ya yaɗa sabon salo, inda masu talla ke tayi a kan kalmomin da mutane ke nema, kuma ba sa biya sai an danna. Google ya buɗe AdWords a shekarar 2000, ya koma karɓar kuɗi bisa dannawa a 2002, sannan ya sauya masa suna zuwa Google Ads a 2018. Facebook kuwa ya buɗe nasa tsarin tallar a 2007.

Babu wani tsayayyen farashi da aka rubuta wa dannawa. Gwanjo ake yi, kuma kwamfuta ce ke gudanar da shi cikin ƙiftawar ido duk lokacin da wani ya yi bincike ko ya buɗe shafi. Kowane mai talla yana faɗin iyakar abin da zai iya biya, amma mafi tsadar tayi ba lallai ne ya yi nasara ba, domin ana haɗa tayin da ingancin tallar: ko ta dace da abin da mutum ke nema, ko ana sa ran za a danna ta, da kuma kyawun shafin da take kaiwa. Misali cikin sauƙaƙen lissafi, wani ya taya naira 200 amma makin ingancinsa 4 ne, idan aka ninka tayin sau makin ya zama 800. Wani ya taya naira 120 da maki 8, nasa ya zama 960. Na biyun ne zai hau sama, kuma abin da zai biya shi ne gwargwadon da zai ishe shi ya wuce na ƙasa da shi, wato naira 100 da ɗan abin da ya ɗara, domin 100 sau 8 shi ne 800. Saboda haka gyara hoto da rubutun talla yana rage tsada fiye da ƙara tayi.

Abubuwa da dama ke ɗaga farashi ko su saukar da shi. Na farko yawan masu gasa a kan mutane iri ɗaya. Na biyu darajar abin da ake sayarwa, shi ya sa a Amurka dannawa ɗaya a tallar lauyoyi ko inshora kan kai dala gommai, domin abokin ciniki ɗaya yana kawo musu kuɗi mai yawa. Na uku lokaci: gab da Sallah, sa'ad da teloli da masu atamfa da masu raguna suka yi ca a kan jama'a guda, farashi kan tashi. Akwai kuma abin da ya shafi Najeriya ita kaɗai. Tun watan Janairun 2022 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, yake ƙara harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari a kan tallar da aka saya daga Najeriya, don haka tallar naira 20,000 takan zama 21,500. Wanda asusun tallarsa ke kan dala kuwa, faɗuwar naira tun daga tsakiyar 2023 ta ƙara masa tsadar kowace dannawa ko da gwanjon bai canza ba.

A gari irin Wudil, zaɓen wurin da talla za ta bayyana yana da nauyi ƙwarai. Garin yana kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, yana da babbar kasuwar shanu da ke jawo fatake daga nesa, ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, ga kuma Makarantar Horar da Jami'an 'Yan Sanda. Masu saye a nan ba iri ɗaya ba ne. Mai gyaran waya ko mai sayar da abinci da ke neman ɗalibai ba shi da amfani da dannawar mutumin Legas, komai arharta, kuma tallarsa a lokacin hutun jami'a asara ce. Ya fi masa ya taƙaita ta ga Wudil da kewaye. Mai kiwo da ke iya loda dabbobi a mota kuwa yana iya buɗe tasa zuwa Kano da Dutse da wasu biranen da zai iya kai kaya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar arhar dannawa a matsayin nasara. Dillali a kara ba ya karɓar la'ada sai ciniki ya faɗa, amma kamfanin talla yana karɓar nasa da zarar mutum ya leƙo, ya saya ko bai saya ba. Ma'aunin gaskiya shi ne kuɗin da aka kashe kafin a samu mai saye ɗaya. Idan dannawa 400 ɗin nan da aka samu da naira 20,000 ta haifar da masu saye 8, kowannensu ya ci naira 2,500, kuma idan ribar kaya naira 2,000 ce, an tafka asara. Idan kuma da kuɗin nan aka samu dannawa 200 kacal a kan naira 100, amma mutum 16 suka saya, kowane mai saye ya tsaya a kan naira 1,250, an ci riba. Dannawa mai tsada ta fi mai arha amfani muddin daga mai niyyar saye ta fito.

Akwai kuma dannawar da ba ta da wani amfani tun asali. Wasu kan taɓa talla bisa kuskure suna cikin zazzaga shafi a ƙaramar waya, wasu kuma manhajoji ne na 'yan damfara da aka ƙera don su yi ta dannawa. Manyan kamfanoni suna da hanyoyin tace irin wannan, amma tacewar ba ta kama duka. A Facebook kuma ya kamata a bambanta dannawa kowace iri, wadda ta haɗa da buɗe hoto ko nuna so, da dannawar da ta kai mutum inda ake ciniki. Ta biyun ce ke da alaƙa da riba.

Hanyar da ta fi aminci ga ƙaramin ɗan kasuwa ita ce ya fara da kuɗi kaɗan, ya sa iyakar abin da za a kashe a rana, ya gwada talla biyu masu hoto ko rubutu daban, sannan ya tsayar da wadda ba ta kawo ciniki. Rubuta farashi a jikin talla yana rage dannawar masu tambaya kawai, kuma talla da Hausa takan fi isa ga wanda Hausa ce harshen cinikinsa. Amsa saƙo da wuri yana cikin lissafin, domin dannawar da aka biya ta tafi a banza idan mai saye ya jira ya gaji. A ƙarshen kowane mako sai a buɗe littafi a rubuta abu uku: nawa aka kashe, mutum nawa suka danna, mutum nawa suka biya. Waɗannan lambobi ne ke nuna ko a ƙara kuɗi a kan talla, ko a gyara ta, ko a dakatar da ita.